Bugu Biyu Daga Bayan Labule

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da mutanen gidan gaba ɗaya. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ke tashi in ta daɗe a tsaye. Ta ce a gaida yayanta. Na so in kira ka a waya, sai na tuna ƙarar injinan kamfaninku ta cinye maka kunne, shi ya sa na ba direban da ke kai muku kaya wannan takarda tare da kwali.

Kawu, ka san shagon marigayi Baba na naɗin koyil, wato wayar cikin inji. Abin da ban tabbata ka sani ba shi ne, tun da idon Baba ya fara rauni, shekara tara ke nan, babu injin da ya fita daga shagon nan wanda ba hannuna ne ya naɗa shi ba. Fanka, injin jan ruwa, injin niƙa, janareto, duka. Baba ya rataya koren labule ya raba shagon biyu, ya ce ba mai miƙa wa mace injinsa ya tafi gida hankali kwance. Ni ina ciki da benci da wayar naɗi, ƙanena Auta yana waje da kujera da takardar shaidar makarantar fasaha a jikin bango. Takardar nan ma, Allah na gani, ni na yi masa duk aikin hannun da ya kai makaranta. Lokacin Baba ya ce mutum ɗaya zai iya turawa, kuma ba a zauna shawarar wane ne ɗayan ba.

Ga yadda muke yi. In mutum ya kawo inji, sai Auta ya maimaita maganarsa da ƙarfi kamar mai nazari: "Wato yana gurnani amma ba ya juyawa?" Ni kuma in ɗauki sifana, ƙarfen nan na kwance noti, in buga benci. Bugu ɗaya, karɓi. Bugu biyu, kar ka karɓa. In na ɗan tsaya na sake bugawa, yawan kwanakin da aikin zai ci ke nan. Mutane sun ɗauka wani ma'aikaci ne yake ta ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa a ciki. Ko tari ban isa in yi ba in da baƙo. Rannan mai injin niƙan layinmu ya riƙe hannun Auta yana ta sa masa albarka, wai Allah ya yi wa hannun nan baiwa. Ina jin su, yatsuna duk yankan waya.

To, direban nan ne ya nuna min sanarwar kamfaninku. Ana neman mai naɗin koyil, gwajin na hannu ne, ba dole sai da takardar makaranta ba, kuma an rubuta maza da mata. Layin nan na karanta shi ya fi sau biyar. Za a rufe ƙarshen watan gobe.

A cikin kwalin akwai ƙaramin inji, ni na naɗa shi daga farko har ƙarshe. Ka duba ɗaurin zaren, ƙulli uku a jere, haka nake yi wa duk aikina. Roƙona shi ne ka kai shi wurin shugaban sashen gyara, ka sa sunana cikin masu gwaji. Ban ce ka roƙa min kowa ba, a bar ni da benci da waya kawai.

Ba gudun gida nake yi ba, Kawu. So nake ko sau ɗaya a tambaye ni abu a kan aikina in amsa da bakina.

'Yarka, ta bayan labule.

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa da fatan lafiya. Sati shida ke nan ban ji daga gare ka ba, har na fara tsoron ko jiki ne. Direba ya rantse min hannu da hannu ya ba ka kwalin, ya ce ma ya ga ka ranar Talata kana tafiya garau. Na ce to alhamdulillahi.

Saura kwana tara a rufe. In ba ka ga dacewar abin ba, ka faɗa min, ba zan ji haushi ba, sai in nemi hanyar zuwa da kaina. Shirun ne yake ci na.

Gida kuwa ban gane masa ba kwana biyun nan. Auta ya je an ɗauke shi ƙananan hotuna, matarsa ta fito da babbar jaka ta wanke ta shanya. Inna in na shigo ɗaki sai ta sauya magana ta koma zancen ƙafarta. Na tambaya, an ce min ba komai.

Don Allah ko layi biyu ne, Kawu.

'Yarka.

*

'Yata,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, kunne dai yana nan yadda kika san shi. Ki ce wa ƙanwata ta rage tsayuwa.

Takardunki biyu sun same ni. Na ƙi amsawa ne sai magana ta tabbata. Ta farkon na karanta ta da idon babba, na kuma gane abin da ke ranki ko da ba ki iya faɗinsa daidai ba: so kike gidan ƙanwata ya samu abin dogaro bayan rasuwar mahaifinku. To Allah ya amsa. Auta ya samu aikin, zai fara ɗaya ga wata.

Ki yi murna, don da ke aka samu. Shugabar sashen gyara mace ce, Injiniya muke ce mata. Da na ajiye mata injin nan ta buɗe shi, ta fi minti goma tana juya shi a hannu. Ta ce ta daɗe ba ta ga naɗi mai tsabta irin wannan ba, ta tambayi wanda ya yi. Na ce ɗan ƙanwata ne. Ban ga ƙarya a nan ba, ciki ɗaya kuka fito, shago ɗaya ne. Da ta haɗa da takardar makarantarsa da shaidata ta shekara talatin a kamfanin, ta ce ba sai ya yi gwaji ba, ya zo a duba shi na wata uku.

Na san za ki ɗan ɓata rai, yarinta ce. Ke ba ki san wurin nan ba. Maza arba'in ne a sashen, banɗaki ɗaya, ƙofarsa ko sakata babu. Bakinsu kuwa ba na jin mace ba ne. Layin nan na maza da mata da ya ɗauke miki hankali, ana rubuta shi ne don manyan da ke ba kamfani kwangila su gani. Injiniya ita daban ce, 'yar manya ce, ofis gare ta mai makulli. Sannan ki duba ni ma. Shekara ɗaya ta rage min in ajiye aiki da mutuncina, sai a wayi gari ana nuna ni ana cewa ga wanda 'yarsa ke yawo cikin maza da baƙin mai har gwiwar hannu? Aurenki na farko ma ai warin ƙonanniyar wayar nan ne ya kashe shi, in ba mu ɓoye wa juna ba. Auta kuwa mata gare shi da ɗa.

Zancen shago kar ya dame ki. Ku samu wani namiji mai kamala ya zauna a gaba. Kujera ce kawai, kowa zai iya.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ƙafar Inna da sauƙi, ta ma tsaya awa guda a tasha tana ɗaga wa Auta hannu.

Na karanta takardarka a tsaye, na sake karanta ta a zaune, don na ɗauka idona ne. Na rubuta maka "ka sa sunana". Kalma uku ce, Kawu. Wace irin karantawa ce ta babba da ke mayar da sunana sunan Auta? Ka yi shiru fiye da sati bakwai don ranar ta wuce, kar in taso da kaina. Da ka ce min a'a tun farko da na gode maka.

Na tambayi Inna ko ta sani. Ta ce ta sani, ita ma ta ba Auta takardar daga bango ta goge mata ƙura. Ta ce abin da mace ta samu na gidan wani ne, abin da namiji ya samu na gidansu ne. Na ce Inna, shekara tara wane gida ne yake ci daga hannuna? Sai ta fashe da kuka wai ina yi mata gori. Ni ce na ƙare da ba ta haƙuri. Wallahi ranar na tsani kaina.

Zancen banɗaki ya ba ni dariya, duk da ba lokacin dariya ba ne. Maza arba'in a sashen gyara, an rasa mai ɗaura sakata. Da kun bar ni na zo, kafin a gama gaisawa na ɗaura muku.

Mijina kuwa da ka ɗauko zancensa, ba warin waya ya kore shi ba. Cewa ya yi in zaɓa, shi ko shagon, Baba kuma a lokacin ko lambar wayar naɗi ba ya iya gani. Na zaɓi gidan ƙanwarka.

Abu ɗaya ka faɗa na gaskiya, kujera ce kawai. Inna ta samo wani maƙwabcinmu da ya bar aikin gadi ta zaunar a kai. Bawan Allah, in na buga biyu sai ya ce wa mutum kwana biyu. Shekaranjiya ya karɓar min janareton da ko bola ba za ta so shi ba. Haka nake zaune, ina buga wa tsoho benci, ƙanena yana can yana cin sunan hannuna.

Ba ni da sauran magana.

'Yar ƙanwarka.

*

Yaya,

Ina kwana, ya Inna, ya yarona? Na kira ki ya fi sau ashirin ba ki ɗauka ba, shi ne na ce bari in bi ta hannun direba.

Na san kina fushi, kuma da gaskiyarki. Wallahi ni ban nema ba, Kawu ne ya aiko, Inna ta ce in na ƙi ba ta yafe ba. Me zan ce?

Yaya, ina cikin wani hali. Nan in an kawo inji sai in ji bakina ya maimaita maganar da ƙarfi, in tsaya ina jira. Ba mai bugawa. Har sun sa min suna Wato. Makon jiya na yanke tsohon koyil ban ƙirga zagayen ba, na naɗa da ka, ana kunnawa ya yi hayaƙi. Na ce wayar ce ba ta da kyau. Injiniya ta dai tsaya tana kallon ɗaurin zarena. Ni ƙullin nan naki na kasa shi, in na yi na biyu sai na farko ya kwance.

Ga lambobin injina huɗu na rubuta a baya. Ki taimaka ki rubuto min kaurin waya da yawan zagayen kowanne. Ke ce babba, kar ki bari in ji kunya a garin mutane.

Ƙanenki, Auta.

*

'Yata,

Gaisuwa. Jikin ba daɗi, hawan jini ya taso min, kuma kin san dalili.

Wata guda yaron nan yana jiran amsarki. Ban san zuciyarki ta yi tauri haka ba. Takardar da kika rubuto min mai zafi na yafe, ban ma nuna wa kowa ba.

Ga halin da ake ciki. Ya ƙona inji na biyu. Injiniya ta kira ni ofis ta rufe ƙofa, ta ce tana mamakin yadda hannu ɗaya zai yi wancan aiki ya kuma yi wannan. Na ce baƙunta ce. Ta ce to, ta ba shi manyan injina uku, ya gama su kafin wata ukunsa su cika. Har ta ce min abin ya dame ta, ta yi faɗa da manya kafin a sa mata a sanarwar, amma ko mace ɗaya ba ta nema ba. Na ce ai mata ba sa son irin wannan aiki. Me kike so in ce?

In asirin nan ya tonu ba Auta kaɗai zai tafi ba, da ni za a haɗa, shekara talatin ta tashi a banza.

Na samo mafita wadda kowa zai ji daɗi. Kin ce kina son aikin kamfani, to ga shi. Na sa an kwashe kayan ɗakin ajiya na bayan gidana, an kafa benci. Mai gadin ƙofar kaya mutumina ne, za mu riƙa fito da injin ranar Asabar a mayar Litinin da sassafe. Ci da sha duk a kaina. Saboda masu shigowa gidan, na sayi labule sabo mai kauri, ya fi na shagonku kyau nesa ba kusa ba.

Ki biyo direba ranar Alhamis. Ina umartarki ne a matsayin uba.

Kawunki.

*

Kawu,

Allah ya ba ka lafiya, ya saukar da jinin.

Na gode da labule. Ni ma ina da labarin labule. Ranar da takardarka ta zo na sallami tsohon mai gadi, na hau benci na kwance na Baba. Ƙurar shekara tara ta zubo min a ka. Na jawo bencina bakin ƙofa, inda duk mai wucewa zai gan ni.

Ba zan yi maka ƙarya ba, ban ji da daɗi ba. Mai injin niƙan nan da ke sa wa hannun Auta albarka ya zo ya same ni da injinsa a buɗe. Na ce masa duk gyaran da aka taɓa yi masa ni na yi. Ya ce shi ya sa ashe injin yake yawan ba shi wahala. Injin da ya shekara huɗu bai tsaya ba! Ya sa aka kwashe shi a baro, rabi a naɗe. Cikin mutum goma da ke da aiki a shagon, bakwai sun ɗauke kayansu. Wata mai ɗinki da na zaci ita za ta tsaya min, ita ta fara cewa a ba ta fankarta. Inna ta daina cin abinci tare da ni, ta ce na tona wa mamaci asiri.

Amma ka faɗa min abin da ban sani ba. Ashe akwai wadda ta jira ni, Injiniya, ka ce mata babu ni. Wannan ya fi satar injin ciwo, Kawu.

Direba yana ɗauke da kaya biyu. Naka koren labulen Baba ne, ka haɗa da sabon. Ɗayan na Injiniya ne, ƙaramin inji, naɗi irin na farko, ƙulli uku a jere, da sunana da lambar wayata. Ban rubuta mata komai a kanku ba. Kai ka ce mai ido ce. Ƙofar kamfani kuma ita direba yake fara isa kafin gidanka, ka ga kafin ka buɗe wannan nata ya isa.

Zancen Alhamis, ka tambayi Auta, ya san amsar. Na buga biyu.

'Yar ƙanwarka.

*

Ke,

Ba gaisuwa tsakanina da ke.

An kori Auta. Ni an ce in rubuta takardar ajiye aiki da hannuna, aka raka ni ƙofa gaban yaran da na koya wa riƙe sifana.

In kina jiran kira, ki daina. Injiniyar taki ta shiga wurin manya har sau uku da injinki a hannu. Sun ce ba za su sake ɗaukar kowa daga dangin da ya yaudare su ba. Ɗaya daga ciki ya ce dama abin da yake gudu ke nan, ana sa mata a magana sai rigima. Sun ba wani yaro ɗan'uwan manaja aikin, sun kuma ce sanarwa ta gaba ba za a sa layin nan ba. Kin kashe wa kanki, kin kashe wa na bayanki. Sai ki zuba ruwa a ƙasa ki sha.

Auta yana hanya. Kar ki manta takardar shagon da sunansa take. Na ba shi labulen ubanki ya mayar inda yake.

*

Kawu,

Ni ina gaishe ka, ko ba ka amsa ba. Allah ya ƙara sauƙi.

Injiniya ta kira ni. Ta faɗa min abin da ka faɗa, ta ba ni haƙuri. Na yi kuka bayan ta ajiye, kuka sosai, don na so aikin nan fiye da yadda na nuna maka. Ita ce mutum na farko da ya tambaye ni yadda nake ƙirga zagaye, na kuwa yi mata bayani har katinta ya ƙare.

Auta ya iso ranar Lahadi, ya rame. Litinin ya mayar da labulen, Inna na riƙe masa kujera. Ya mayar da bencina ciki. Shagonsa ne a takarda, ban hana shi ba.

Wajen ƙarfe goma wani ya shigo da injin jan ruwa. Na ji Auta ya gyara murya ya ce, "Wato yana ɗaukar zafi ya tsaya?" Sai ya tsaya yana jiran bugu. Sifanar tana gabana. Na ɗaga labulen na fito, na duba injin, na dubi mutumin.

Na ce, "Zai gyaru. Kwana uku. Ni zan yi."

Ya kalle ni, ya kalli Auta, Auta ya sunkuyar da kai. Mutumin ya ɗauki injinsa ya fita, ko sallama babu.

Yau kwana huɗu ke nan, mutum shida sun fita haka, ɗaya ya bar injinsa. Auta ya roƙe ni, Inna ta zage ni. Sifanar na jefa ta cikin akwatin kaya na kulle.

Gobe ma da baki zan amsa.

'Yar ƙanwarka, mai naɗin koyil.